Bayani a kan Ƙaura daga Windows zuwa Linux Mint, da Abin da Ya Kamata Mutum Ya Sani Kafin Ya Ɗaure Kaya



Ku sani a ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar da take tafiyar da ɗimbin kwamfutocin da ke shagunanmu da makarantunmu da wuraren buga takardu. Wani ya ji labarin ya tsorata, yana neman ya sayar da tasa a wulaƙance. Wani ya ji ya ce ai tana kunnuwa, me ya dame shi. Wani kuwa bai ma ji ba. Alhali a cikin waɗannan na'urori akwai littafin bashin ɗan kasuwa, da sunayen abokan cinikinsa, da rubutun da malami ya yi shekaru yana tarawa. Nufin wannan bayani shi ne a nuna cewa na'urar da kamfani ya yi wa bankwana tana da sauran amfani mai yawa idan aka sauya mata babbar manhaja, muddin an bi tartibi, an kuwa san abin da za a samu da abin da za a rasa.

FASALI NA FARKO: MECE CE BABBAR MANHAJA

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, kwamfuta abu biyu ce, gangar jiki da manhaja. Gangar jiki ita ce abin da hannu yake taɓawa. Manhaja kuwa umarni ne rubutacce wanda na'urar take bi. Manhajoji ƙanana suna da yawa, kowace da aikinta, wannan ta rubutu, wannan ta lissafi, waccan ta shiga intanet. Amma akwai babba guda ɗaya wadda dukansu suke zaune a ƙarƙashinta. Misalinta kamar misalin fatoma ne a zango. Fatake suna sauka, shi ne yake ba kowa ɗaki, ya nuna masa wurin ajiye kaya, ya raba gardama idan biyu sun so wuri ɗaya, ya sa a rufe ƙofa da dare. Windows fatoma ce, Linux ma fatoma ce. Ana iya sallamar wannan a kawo wancan, gida yana nan yadda yake.

To, mene ne ma'anar janye hannu? Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma ɓarayin zamani kullum suna laluben inda za su kutsa. Duk wata kamfanin yakan aiko da faci ta intanet ya toshe abin da aka gano, kamar yadda mai katangar ƙasa yake yaɓe kafin damina. Janye hannu shi ne barin yaɓen. Katanga ba ta faɗuwa a ranar da aka bar ta, sai dai kowane ruwa yana cin rabonsa. An ba masu gida da suka yi rajista jinkiri na shekara guda, iyakarsa 13 ga Oktoba 2026, amma jinkiri sunansa jinkiri.

Wanda yake ganin abin wasa ne, ya tuna da abin da ya auku a watan Mayu na 2017. Wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta shiga kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, ta kulle takardun mutane, ta ce sai an biya fansar dala 300 kafin a buɗe. Har wasu asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, gama takardunsu sun ƙi buɗuwa. Abin lura shi ne, facin wannan ɓaraka ya fito tun watan Maris, waɗanda ba su sa shi ba su ne abin ya ci. Idan wannan ne halin wanda aka aiko masa da faci ya yi sakaci, yaya halin wanda ba a aiko masa ko kaɗan?

Mai tambaya zai ce, to a hau Windows 11 mana. Lalle wanda na'urarsa ta cika sharaɗi yana iya hawa. Amma kamfanin ya gindaya sharuɗɗa, daga ciki har da wani ɗan ƙarfen tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma cewa ƙwaƙwalwar na'urar kada ta zama tsohon yayi. Galibin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su shiga ba. Ga shi kuwa da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunmu na gwanjo ne, an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso mu. Na'ura lafiyayya, allonta garau, maɓallanta duka suna aiki, sai a ce da mai ita ya sayi sabuwa, a wannan tsadar.

FASALI NA BIYU: MA'ANAR BUƊAƊƊIYAR MANHAJA DA SILSILARTA

Kowace manhaja tana da matani, watau asalin rubutun da masu ginin suka rubuta. Kamfanoni irin su Microsoft suna kulle matanin, su sayar maka da izinin aiki kaɗai, ba ka da ikon dubawa, ba ka da ikon gyarawa, ba ka da ikon kwafa wa maƙwabcinka. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka shimfiɗa mataninta a fili.

Wannan ra'ayi ya samo ƙarfi daga wani Ba'amurke, Richard Stallman, wanda ya yi aiki a makarantar kimiyya ta MIT. A 1983 ya yi shelar cewa zai gina babbar manhaja ta kowa da kowa, ya sa mata suna GNU. A 1989 ya fitar da wata takardar izini mai suna GPL. Hakkokin da tafarkinsa ya tsaya a kai guda huɗu ne: ka yi aiki da manhajar yadda ka so, ka karanta mataninta ka gyara, ka kwafa ka ba wani, ka kuma rarraba gyaran da ka yi. Sharaɗin takardar shi ne, idan ka ba wani, to ka ba shi da irin hakkin da kai ka samu, kada ka kulle abin da aka ba ka a buɗe.

Ma'abota karatun zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba. Almajiri yakan ari littafi ya kwafa da hannunsa, ya rubuta hashiya a gefe, na bayansa ya kwafa har da hashiyar, mai ilimi ya zo ya ga kuskuren magabacin kwafi ya gyara. Ta haka littafi yake ƙetare zamani, kuma yawan idanun da suka bi ta kansa shi ne yake tsare shi daga ɓata.

A 1991 wani ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, yana da shekara 21, ya rubuta ƙwayar babbar manhaja, watau sashen da yake magana da gangar jikin na'ura kai tsaye. Ita ce Linux. A 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL, aka haɗa ta da kayan GNU, abu ya kankama. Daga nan silsila ta miƙe. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian. A 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya ɗauki Debian ya sauƙaƙe ta, ya kira ta Ubuntu, kalma ce ta Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka. A 2006 wani Bafaranshe, Clément Lefebvre, ya ɗauki Ubuntu ya ƙara sauƙaƙe ta domin sabon shiga, ya kira ta Linux Mint. Ana ɗaukar nauyin aikinta da gudummawar masu amfani da ita da ta masu tallafi.

Kada wani ya ce abin kyauta ba ya ƙarko. Wayar Android da ke aljihunka a kan ƙwayar Linux aka gina ta. Kuma tun watan Nuwamba na 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya dukansu da Linux suke aiki.

FASALI NA UKU: DALILIN ZAƁEN LINUX MINT GA SABON SHIGA

Ire-iren Linux sun kai ɗaruruwa, waɗansu sai ƙwararre. An zaɓi Mint a nan domin dalilai huɗu.

Na farko, fuskarta ta yi kama da abin da aka saba. Maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, jakunkunan takardu suna buɗuwa da danna biyu. Wanda ya iya Windows ba zai kwana biyu yana ɓata hanya ba.

Na biyu, ba ta da ci. Mafi ƙarancin abin da take nema shi ne gigabait 2 na ram, watau ma'adanar aiki ta wucin gadi, ko da yake 4 ya fi daɗin aiki, da gigabait 20 na rumbun ajiya. Tana zuwa da fuska iri uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Mai na'ura mai ɗan ƙarfi ya ɗauki ta farko, mai tsohuwa ƙwarai ya ɗauki ta ƙarshe, gama ta fi sauƙin nauyi. Sai dai tun 2020 Mint ta bar fitar da babban jerinta domin na'urori masu tsarin 32, sai masu 64. Mai gyara zai gaya maka wace ce taka cikin minti ɗaya.

Na uku, tana zuwa da kayan aikinta a ɗaure: LibreOffice domin rubutu da jadawalin lissafi, Firefox domin intanet, da abin kallon hoto da na sauraro. Abin da babu, akwai rumbun manhajoji a cikinta, ka nema ka danna ya sauka, ba sai ka bi shafukan da ba ka san masu su ba.

Na huɗu, wa'adinta sananne ne. Jerin 22, wanda ya fara fita a watan Yuli na 2024, an yi alkawarin aiko masa da faci har 2029, kuma hawa na gaba ba a biyan ko kwabo.

Akwai ƙari a kan waɗannan. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin manhajojin da ake zuba wa mutane a kasuwa kwafi ne da aka fasa makullinsu ba da izinin masu su ba, kuma sau da yawa a cikin irin wannan fashi ake cusa cuta. Mai Mint ya huta da wannan shubuha. Filashi ɗaya yana iya zagaya layin kasuwa duka, kowa ya girka, da yardar masu ita a rubuce.

FASALI NA HUƊU: LARABCI DA AJAMI DA LISSAFIN KANTI

Tambayar malami ita ce, shin za ta rubuta daga dama zuwa hagu? Amsa, za ta rubuta. A wurin saitin maɓallai ana ƙara Larabci, akwai kuma tsarin Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ana sauyawa tsakaninsu da danna ɗaya. A cikin LibreOffice sai a shiga saitin harsuna a kunna rubutun dama, maɓallin juya sahu zai bayyana.

Game da kyan hannu, akwai salon haruffa buɗaɗɗu da ake samu kyauta. Akwai Amiri, wanda Khaled Hosny ɗan Masar ya zana bisa haruffan maɗaba'ar Bulak ta Alƙahira. Akwai Harmattan, wanda ƙungiyar SIL ta yi domin harsunan Afirka ta Yamma. Akwai kuma Alkalami, wanda ita dai SIL ta fitar a 2017 bisa kwaikwayon rubutun Kano mai kauri. Tun 2016 kuma aka shigar da fa da ƙaf da nun irin namu na Warshu cikin Unicode, watau kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, har ya zama fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama suna da mazauninsu. Waɗannan haruffa suna aiki a Windows ma, saboda haka mai ƙaura ba ya rasa su. Littattafan Maktabatus Shamila kuwa ana karanta su a shafinta ta cikin Firefox.

Tambayar ɗan kasuwa ita ce, ina littafin bashina? Jadawalin da aka yi da Excel yana buɗuwa a Calc, takardar da aka yi da Word tana buɗuwa a Writer, kuma kana iya ajiye su da sigar da abokin cinikinka zai buɗe a tasa na'urar. Idan rasit ne ko takardar farashi, ka mayar da ita PDF kafin ka aika, domin kada sahu ya goce. WhatsApp da shafin banki ta burauza ake shiga, kamar dai da.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA BA ZA TA YI MAKA BA

Dillalin kirki yakan faɗi aibin haja kafin a ƙulla ciniki. Microsoft Office ta kan na'ura, da Photoshop, da CorelDRAW da masu zanen kalanda da katin biki suke ji da ita, duk ba a yi su domin Linux ba. Akwai madadinsu, irin su GIMP da Inkscape, amma hannun da ya saba shekara goma sai ya sake koyo. Akwai wata gada mai suna Wine da take tayar da wasu manhajojin Windows, tana ci a wani wuri, tana ƙi a wani. Jadawali mai dabaru masu zurfi yakan zo da tangarɗa. Wata firintar da wata na'urar ɗaukar hoton yatsa ba su da direban Linux. Wanda abincinsa ya rataya a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya taɓa na'urar sana'arsa sai ya gwada ya gani. Masu gyaran da suka san Linux kuma ba su kai masu Windows yawa ba. Kada kuma a ce da kai Linux ba ta kamuwa da cuta. Kamuwarta ta fi ƙaranci, amma wanda ya miƙa kalmar sirrinsa ga mayaudari, babu manhajar da za ta cece shi.

Hukumomi biyu na Turai sun bar mana abin lura. Jandarmomin Faransa sun bi abin daki-daki: suka fara sauya manhajar rubutu alhali suna kan Windows, sa'an nan burauza, kana a 2008 suka fara komawa Ubuntu, har ta kai ga dubun-dubatar kwamfutocinsu. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar ƙaura a 2003, ya kammala wajen kwamfutoci 15,000 a 2013, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, kuma cikin dalilan da aka ambata akwai kukan ma'aikata a kan manhajojin da ba su jitu da juna ba. Duk da haka a 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ɗin ta yi shelar mayar da kwamfutoci wajen 30,000 zuwa LibreOffice da Linux. Abin da ake tsinta a nan shi ne, ƙaura tana yiwuwa, kuma sabon hannu shi ne mafi wuyar kayan da ake ɗauka.

FASALI NA SHIDA: TARTIBIN ƘAURA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga matakai, a bi su da jerinsu.

Da fari, ka rubuta a takarda duk aikin da kake yi da na'urar a mako, da sunan manhajar kowane aiki, ka nemi madadin kowace. In akwai wadda ba ta da madadi, ka san da ita tun yanzu.

Na biyu, ka girka LibreOffice da Firefox a kan Windows ɗinka, gama suna aiki a can, ka yi wata guda kana aiki da su. Wannan ita ce dabarar jandarmomin Faransa.

Na uku, ka kwashe dukan takardunka da hotunanka zuwa wani rumbu na waje, in da hali wuri biyu, ka kai wata na'ura ka buɗe ka tabbata sun kwafu. Ka rubuta kalmomin sirrinka ka adana. Wanda ya tsallake wannan mataki, kada ya taka na gaba.

Na huɗu, ka sauko da Mint daga gidanta na asali kaɗai. Nauyinta ya kusa gigabait 3, sai a tanadi data da filashi mai gigabait 4 ko fiye. Masu ita suna buga wata doguwar lamba ta tantancewa, ka sa mai gyara ya gwada ta da abin da ya sauko, kamar yadda ake muƙabalar kwafi da asali. Dalili kuwa, a watan Fabrairu na 2016 ɓarayi sun taɓa kutsawa shafin Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na ɗan lokaci kafin a gano.

Na biyar, ka tayar da na'urar daga filashin. A lokacin kunnawa ana danna wani maɓalli, F12 a wasu, F9 ko Esc a wasu. Mint za ta buɗe gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa abin da ke rumbunka ba, in ka zare filashin ka sake kunnawa, Windows ta dawo. Za ta ɗan yi nauyi a wannan hali, kada ya dame ka. A nan za ka gwada intanet, da sauti, da firinta, da rubutun Larabci, ka buɗe jadawalin bashinka ka duba jimla. Gani ya kori ji.

Na shida, in komai ya yi, sai girkawa. Za ta tambaye ka ko ta zauna gefe da gefe da Windows, ka riƙa zaɓa lokacin kunnawa, ko ta share rumbun duka. Mai shakka ya zaɓi na farko. Wanda ya zaɓi na biyu ya sani sharewa ce ta gaske, ba a dawo da abin da ya tafi. Kada a fara sai batir ya cika, ko akwai wutar da ba za ta yanke a tsakiyar aiki ba.

Na bakwai, bayan an gama, ka kunna Timeshift, wadda take ajiye hoton tsarin na'urar domin a koma gare shi idan wani abu ya rikice, amma ka sani ba ta maye gurbin kwafin takardunka ba. Duk lokacin da alamar garkuwa da ke kusa da agogo ta nuna akwai faci, ka karɓa.

KAMMALAWA

Shawara ga masu rumfuna ita ce, a fara da na'ura ɗaya wadda ba a dogara da ita ba, a ba yaron kanti mai kaifin kai ya saba, shi zai koya wa saura. Shawara ga masu makarantu ita ce, tsofaffin kwamfutocin da aka jingine a lungu a fito da su a gwada su da filashi kafin a kira mai sayen ƙarafa, wataƙila a sami abin da almajirai za su koyi buga rubutu a kai. Wanda ya gwada ya ga ba ta karɓe shi ba, bai yi asarar komai ba sai yini guda da kuɗin data, sai ya nemi na'urar da ta cika sharaɗin Windows 11. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar amanar mutane, da bashinsu da sunayensu, a cikin na'urar da aka daina yi wa yaɓe, tana kuwa haɗe da intanet dare da rana.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba. Haza wassalamu.